Izinin Haɓa

Ku gyara zama, ya ku masu sauraro. Na kusa ya matsa wa na nesa, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, mai gaggawa ya tashi ya ba wani wuri. Ni ne Mantau ɗan Nomau, baduku mai ɗinkin salka, mutumin birnin Tsandauri da ke tsakiyar Faƙon Gishiri. Na ga ƙasar da ruwa ke yawo a cikin iska, na ga maza suna yanka juna a kan kurɓi ɗaya, kuma kada wani ya ɗauka ni ɗan kallo ne a cikin abin da zan faɗa.

Ƙasarmu rana biyu gare ta. Akwai Uwa, fara, babba, akwai 'Ya, ja, ƙarama. Da bazara in Uwa ta faɗi sai 'Ya ta fito, wata uku cur ba ma ganin duhu. Baƙo in ya ji haka sai ya riƙe baki, ya ce yaya kuke rayuwa? Lafiya lau muke rayuwa. Zafinmu yana da kunya, in ka shiga inuwa a bakin ƙofa yake tsayawa. Ka zuba ruwa a randa ka ajiye ta inda iska ke bi, kafin ka gama cin tuwo ya yi sanyi har yana kama haƙori. In tafiya ta yi tsanani ka yayyafa wa rigarka ruwa, iska ta busar da ita, jikinka ya huce. Abin da muka tashi muka tarar ke nan, muka ɗauka haka duniya take ko'ina.

A shekarar da rijiyoyinmu suka fara ja da baya, labari ya zo cewa bayan Katangar Gajimare, dutsen nan da ke tare hadari kudu da mu, akwai ƙasar Laima, inda ruwa ya yi wa mutane yawa har suna kuka da shi. Yayana Barmo madugu ne, ba a faɗa masa abu sau biyu. Ya tara mutum arba'in da raƙuma da gishiri, ya ce za mu je mu koyo yadda ake kama ruwa a iska. Na bar 'yata Tasalla, mai shekara shida, a hannun innarmu, domin uwarta ta rasu tun tana goye. Kwana uku muka yi a Faƙon, inda ba rijiya ba ciyawa, kwana biyu muna hawan dutse. Sai muka gangara.

Wallahi tun kafin mu kai ƙasa na san mun shigo gidan wani. Ba a ganin Uwa, ba a ganin 'Ya, sama ta yi toka-toka ta sauko kusa da kai. Iskar kuwa sai ka yi da gaske kafin ta wuce maƙogwaro. Zufa ta karyo mana. Mu da ba mu taɓa ganin zufa tana gudana ba, sai ga ta tana bin ƙafa tana cika takalmi. Muka ruga inuwar wata bishiya mai faɗin kasuwa, zafin ya bi mu ciki ya zauna tare da mu.

Barmo ya ce, "Ku jiƙa riguna!"

Muka jiƙa, muka ƙara jiƙawa, muka naɗe kai da jiƙaƙƙen rawani, muka zauna muna jiran iska ta yi aikinta. Ina! Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa me za ta yi da namu? Rigunan suka manne mana suka ɗau zafi, muka koma kamar dambu a madambaci. Mutum bakwai suka faɗi suna sambatu.

A haka Laimawa suka same mu. Suka ɓullo daga cikin ciyayin ruwa a kwalekwale, ba komai a jikinsu sai bante da laka, kowa da mashi mai ƙugiya ɗaure da igiya. Maharbanmu suka ɗaga baka. Ashe tsirkiya ta sha laima ta saki, kibiyoyin suka zube taku uku a gabanmu. Garkuwoyin fata da ni na ɗinka da hannuna sun yi laushi, mashi ya riƙa shiga yana fitowa da hanji. In ƙugiya ta kama mutum sai su ja igiya su jefa shi ruwa, kadoji su ƙarasa aikin. Barmo ya sare uku. Na huɗu ya zo, takobin ya sulɓe daga hannunsa saboda zufa, mashi ya shige shi ta ƙarƙashin haƙarƙari. Ya dube ni ya ce, "Mantau, cire rawanin," aka ja shi ruwa. Ban samu na cire ba, kafin in ɗaga hannu duniya ta juya mini na faɗi.

Na farfaɗo tsirara cikin ruwa har wuya, wani ƙato yana riƙe da kaina yana yi mini fifita da ganye.

Ya ce, "Kai ɗan tudu, wa ya ce maka ana sa tufa a nan? Rabin 'yan'uwanka ba mu muka kashe su ba, rigunansu ne."

Sunansa Anaruwa. A Laima duk gidan da ka shiga ka kira Anaruwa sai uku sun amsa, tun da ba ranar da za a haifi yaro ba a ruwa. Mayaƙi ne, matuƙin kwalekwale. Ya ce abin da ya hana shi ba kadoji ni, salkata ya gani, ya duba ɗinkin ya rasa ta inda ruwa zai fita, ya ce hannun da ya yi wannan bai kamata ya tafi cikin kada ba. Cikin ayarinmu duka ni kaɗai na rage.

Wata biyar na yi ina bauta a gidansa, wani ɗaki da aka kafa a kan itatuwa bisa ruwa. Na tsane shi da farko, tsana mai tsanani. Na tambaye shi ko mashinsa ne ya kashe yayana. Da wani ne sai ya rantse ya ce a'a. Shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban sani ba. Huɗu na jefa ranar nan." Haka yake, ƙarya ba ta zama a bakinsa. Ƙuraje suka feso mini daga wuya har tafin ƙafa, shi ya riƙa shafa mini laka. Zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya riƙa ba ni romon kifi a baki. Ban san ranar da na daina tsanarsa ba, na dai wayi gari na ga muna ci a ƙwarya ɗaya muna musu.

Musunmu ɗaya ne kullum.

Nakan ce, "Wannan ba ƙasa ba ce, tukunya ce aka manta a wuta. Na ajiye takalmina jiya, yau ya yi fumfuna. Na yi wanka, kafin in fito daga ruwa ina bukatar wani. A wurinmu inuwa inuwa ce."

Shi kuma ya ce, "Inuwar me? Kai da ka ce ba ku da bishiya? Dubi fatarka da ka zo, duk faso, leɓe a tsage, hanci yana haɓo. Yanzu ga ka nan ka yi sumul har mata na tambayata kai."

"Sauro ma na tambayarka ni."

"To, ba shi ma ya ga nama ba?"

Ranar da na fara ganin dokarsu, an tara mayaƙan da suka yi rantsuwar yaƙi ana gwajin tuƙi. Babban jaruminsu yana nan, wani dogon mutum mai ido ɗaya da suke kira Tsatsa, don bai taɓa goge takobinsa ba, wanda duk ya ƙwarzana sai ya ruɓe cikin kwana uku. Wani mayaƙi ya fito daga ƙarƙashin rumfa ya kai ƙwaryar ruwa baki. Tsatsa ya ƙaraso ya shafa haɓarsa da bayan hannu, ya ɗaga hannun kowa ya ga a bushe yake. Ya tura masa takobi a ciki ya murɗa, ruwan da ya sha ya fito tare da jini.

Na tambayi Anaruwa laifinsa. Ya ce, "Haɓa ba ta ba shi izini ba. Mayaƙin da ya yi rantsuwar yaƙi ba ya shan ruwa sai zufa ta ɗiga daga haɓarsa. A ƙasar nan wa zai ɗaga filafilin tuƙi sau goma bai ɗiga ba? Sai wanda ya laɓe ya bar 'yan'uwansa da aiki. Wanda ya sha da busasshiyar haɓa ya faɗa da bakinsa cewa shi matsoraci ne." Na ce dokar ta yi tsauri. Ya yi dariya ya ce ai ba ta taɓa hana namijin kirki shan ruwa ba.

Gishirinmu shi ya jawo mana. Laimawa toka suke sa wa miya, da Tsatsa ya ɗanɗana abin da muka zo da shi bai ƙara samun sukuni ba. Ya sa aka kawo ni gabansa, ya ce in ɗinka salka dubu biyu, in kuma kai su Tsandauri.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni baduku ne. Madugu ne ya san hanya, kun kuwa ba kada shi."

Ya karɓi wuƙa a hannun wani, ba tasa ba, don yana bukatata da rai, ya yanke mini kunnen hagu ya jefa ruwa. Ya ce, "Ɗaya ya rage maka, ka ji da shi. Manyan garinku za mu yanka, yaran mu kawo su su koyi tuƙi."

Masu riƙe takobi a Tsandauri ba su kai ɗari biyu ba. Na hango Tasalla a raina da igiya a wuya, zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na so in ɓata ɗinkin, amma kowace salka sai an cika ta an hau ta da ƙafa a gaban Tsatsa. Haka na ɗinka su, dubu biyu, ba wadda ke ɗiga, ina ɗinki ina kuka. Ba ni da wata dabara, kada ku ba ni hikimar da ba ni da ita.

A gindin dutse suka yi rantsuwar yaƙi, ba za ta warware ba sai birni ya faɗi. Suka hau suna zufa suna sha, a maɓuɓɓuga ta ƙarshe kowa ya cika salkarsa. Na roƙi rigar ɗaya daga cikin matattunmu da rawani, aka ba ni ana dariya. Muka tsallaka Katanga, gajimare ya tsaya a bayanmu, Uwa ta buɗe ido.

Ban taɓa ganin murna irin ta ranar nan ba. Mutum dubu biyu suna tsalle a kan faƙo suna ihu. Iska ta bi jikinsu ta share danƙon da aka haife su da shi. Ƙurajensu suka bushe, ƙirjinsu ya buɗe, wasu suka kwance bante suka yar. Anaruwa ya rungume ni ya ɗaga ni sama.

"Ka ci musu, ɗan tudu! Na rantse ka ci! Ashe haka numfashi yake? Ji nake kamar an sauke mini kaya."

Na rufe jikina ruf, na riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, suna nuna ni suna cewa bawa ba shi da haɓa. Can da rana ta take na ga suna shafa haɓa suna duba hannu. A bushe. Suka ce kai, wannan ƙasa ba ta ma isa ta sa namiji zufa ba. Ni kuwa na san abin da ba su sani ba. Zufa na fita musu fiye da ta gida, iska ce ke lashe ta tun kafin ta taru.

Da Uwa ta kusa faɗuwa, wani fari-fari ya feso a kafaɗunsu da goshinsu. Wani ya lasa ya yi ihu, "Gishiri!" Tsatsa ya sa aka kira ni. Ya kankaro farin daga ƙirjinsa ya nuna mini a ɗan yatsa.

"Mene ne wannan, baduku?"

Kalma ɗaya ce, da na faɗe ta kowa ya sha ruwa da izini. Anaruwa yana tsaye kusa da ni da ƙannensa biyu, yana murmushi, yana jiran amsar abokinsa.

Na ce, "Garin gishirin ƙasarmu ne, ranka ya daɗe. Iska ke ɗebo shi. Alama ce kun kusa arziki."

Suka yi ta lasar hannuwansu suna murna. Da yake bazara ce, Uwa ta faɗi, 'Ya ta fito, ba su sami ko ɗan duhun da za su huta ba.

Kwana na biyu daɗin ya ƙare. Fatar da ba ta taɓa ganin rana ba ta tashi bororo, ta fashe. Leɓe ya tsage, hanci ya ɓalle da jini. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dabarar da suka yi. Suka ce tun da tafiya ba ta kawo zufa, a ƙara mata aiki. Sai ga maza suna gudu suna kewaya, suna kokawa, suna ɗaga duwatsu, kowa na shafa haɓa. Wasu a nan suka faɗi ba su tashi ba. Wasu suka hango kawalwalniya suka ce tafki ne, suka ruga za su yi iyo, ba mu ƙara ganinsu ba.

Sai wani dattijo ya kwance bakin salkarsa ya kafa kai. Tsatsa ya sare wuyansa salkar na bakinsa. Goma suka sha, ya sa aka soke su. Ɗari suka sha, sai wuri ya kacame. Waɗanda suka sha suka ja gefe, waɗanda ba su sha ba suka auka musu da haushin mai ƙishirwa da ya ga wani ya ƙoshi. Wa da ƙane suka soki juna, ƙugiya ta kama ido, ta kama baki, ana farke salka ana farke ciki. Masu shan sun fi ƙarfi amma ba su kai yawa ba, aka gama da su har na ƙarshe. Faƙon ya shanye ruwan da jinin tare, kafin mu yi nisa wurin ya bushe.

Kwana na uku saura ɗari shida, suna jan ƙafa, harshe ya kumbura, kowa da cikakkiyar salka tana lilo a kafaɗa. Can gaba ganuwar Tsandauri ta bayyana, tafiyar rabin yini. Na yi lissafi a zuciyata. In ba su sha ba, ba za su kai ba. In suka sha, ɗari shida sun isa su cinye garin.

Anaruwa na tafe yana tangaɗi, idanunsa sun faɗa. Sau biyu ya faɗi ina ɗaga shi. Na uku na kasa daurewa. Mutumin nan ya riƙe kaina a cikin ruwa, ba zan iya tsayawa in kalli mutuwarsa ba. Na ja shi bayan wani dutse inda ba mai ganinmu, na kwantar da shi, ya rufe ido. Na tsiyaya ruwa kaɗan a gashin kansa. Ya gangaro ta goshi, ya bi kumatu, ya taru a haɓa, ya ɗiga.

Na ce, "Aboki, tashi, ta ɗiga! Haɓa ta ba ka izini. Sha a nan, kada ka gaya wa kowa."

Ya tara hannu ya tari ɗigon, ya kai harshe.

"Babu gishiri," in ji shi, muryarsa kamar ana goga tsakuwa. "Zufa da gishiri take, Mantau."

Sai idonsa ya sauka kan farin da ke damtsensa. Ya lasa. Na ga abin yana shigarsa a hankali, na ga fuskarsa tana canjawa, na gwammace a yanke mini ɗaya kunnen da in ga haka.

"Wannan ce zufar?"

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko."

Ya kwance salkarsa ya kurɓa sau ɗaya, ya wanke maƙogwaro, ya dafa dutse ya miƙe. Na riƙe ƙafarsa.

"Don Allah, Anaruwa. Sha ka ƙoshi ka kwanta a nan, in dawo in ɗauke ka. Za ka ci a gidana, ba wanda zai taɓa ka. 'Yata na cikin garin can."

Ya ce, "Ƙannena biyu na bayan dutsen nan, da ruwa a kafaɗarsu."

"In ka faɗa musu kowa zai ji."

"Kowa zai ji," in ji shi. Ba da fushi ya faɗa ba. Ko a wannan hali bai iya ce mini zai yi shiru ba, alhali da ya faɗa da na sake shi.

Ya fizge ƙafarsa, ya juya wajen rundunar, ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki. Basillata na ɗamare a ƙuguna. Shekara ashirin ina huda fata da ita, hannuna ya san inda ake sa ta. Na tashi ta bayansa, na kafa masa ita a maƙogwaro har ƙota. Abin da ya fito ba murya ba ce, iska ce kawai. Ya kama hannuna ya matse har ƙashi ya yi ƙara, muka zube tare. Na riƙe shi yana shure-shure, ina kiran sunansa, har ya daina.

Na fito na ce wa Tsatsa Anaruwa ya faɗi. Bai ko waiwayo ba. Suka ci gaba suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, ƙannen Anaruwa sun faɗi kusa da juna. Mutum goma sha tara suka isa inda kibiya ke kaiwa daga ganuwa, Tsatsa na gaba yana jan takobinsa a ƙasa. Maharbanmu suka gama da su, shi sai da ya sha kibiya bakwai sannan ya durƙusa.

Aka buɗe mini ƙofa. Tasalla ta ga mutum mai kunne ɗaya da jini har gwiwar hannu, ta ɓuya bayan innarmu, sai da na yi magana ta gane ni. Mutanen gari suka fita da raƙuma suka kwaso salka fiye da dubu, cike, ruwan ya riƙe mu har rijiyoyi suka dawo. Aka yi kiɗa, aka yi mini kirari. Ban tsaya ji ba, na ɗauki fartanya na koma bayan dutsen nan na binne abokina.

To, ga abin da zan rufe da shi, ya ku masu sauraro. A Laima in mutum ya mutu, kwana bakwai ƙasa ta karɓe shi, a huta. Ƙasarmu ba ta cin gawa. Duk shekara iska na kwashe rairayin da na tara masa, duk shekara ina zuwa in mayar. Yau shekara talatin da ɗaya. Ni na tsufa, Tasalla ta yi jikoki, shi yana nan yadda na bar shi, fuskarsa ba ta canja ba. Na gwada da hannu, na gwada da ƙyalle, na gwada da igiyar fata. Har yau bakin nan bai rufu ba.